Likita, jini a kwalba kuma na mene ne?

TAMBAYA: Salam Likita. Maciji ne ya sari ƙanina a gona, muka ɗaure ƙafar tamau da igiya muka kawo shi asibiti cikin gari, sai nas ta yi mana faɗa ta kwance igiyar, ta ɗebi jininsa ta zuba a 'yar kwalba ta ajiye wai a jira. Wannan ba ɓata lokaci ba ne?
Wata 'yar uwa daga Ɗorayi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Nas ɗin nan ta san aikinta wallahi. Gwaji ne na minti 20, ana zuba jini a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a bar shi ba a girgiza ba, in lokacin ya cika aka karkata kwalbar aka ga jinin yana kwarara bai daskare ba, to dafi ya shiga jiki, kuma galibi aikin kububuwa kenan, ita ce ta fi kashe manoma a arewa, mutum ya yi ta zubar jini har ta dasashi. Daga nan sai allurar kashe dafi. A asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe an gwada kala biyu na allurar kashe dafi mai suna EchiTAb a kan mutum 400, sakamakon ya fito a 2010, duka biyun suna dawo da daskarewar jini. Farfesa Abdulrazaq Habib na BUK ma ya daɗe yana wannan bincike.

Igiyar kuwa, don Allah a daina, tana iya kashe ƙafar. Tsagawa da reza da tsotsar dafi ma duk ba sa fitar da komai. A hana wanda maciji ya sara tafiya da ƙafa, a ɗauke shi sai asibiti.