Idan wasu suka yi masa aikin hannu, fasahar tasa ce?

Ka tambaya ko mai nakasa da mataimaka ke ƙera masa aikin da ake nunawa a baje kolin fasaha ya cancanci a kira aikin nasa. Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa.

Dubi Yinka Shonibare. An haife shi a Landan a 1962, ya tashi a Legas. Yana ɗan shekara 18 ciwon laka ya shanye masa ɓari ɗaya na jiki, yanzu a keken guragu yake. Shi yake tsara komai, teloli da masassaƙa su aiwatar bisa umarninsa.

A 2010 ya ajiye kwaikwayon jirgin ruwan Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya na zamanin da, cikin ƙatuwar kwalba a dandalin Trafalgar da ke Landan, filafilan jirgin kuma na atamfa. Da gangan ya zaɓi atamfar: asalin zanenta na Indonesiya ne, Turawan Holan suka riƙa buga ta a masaƙunsu suna kawo mana, har muka ɗauke ta tamu. Da ƙyalle kawai ya tono tarihin mulkin mallaka. Wannan tunanin ba tela ne ya kawo shi ba.

Abin da ke damuna shi ne ɗakunan baje kolin da ba su da hanyar shigar keke, sai matakala kawai.