Allon kwamfuta da lafiyar ido: amsoshin likita

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou da ke Damagaram. Rubutun kwamfutata ya cika ƙanƙanta, sai na rubuta ɗan umarni da xrandr, manhajar saita awon allo a Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfutar), da na kunna ta awon allon ya sauko daga 1920×1080 zuwa 1024×768. Rubutu ya yi girma, amma kafin la'asar goshina na sara.

Amsa: Ɗana, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Allon zamani yana da adadin ɗigon hasken da aka ƙera shi da su, shi ne abin da lambobi irin 1920×1080 ke nufi. In ka tilasta masa 1024×768, sai ya baje hoton, bakin haruffa ya yi dishi-dishi, da'ira ma ta koma kamar ƙwai. Ido kuwa ya yini yana fama da abin da ba zai taɓa fita tangaran ba. Buga xrandr shi kaɗai, zai jero maka awon da allon ke ɗauka. Mai alamar + shi ne nasa na asali. Mayar da umarninka kansa, sannan ka je wurin saiti ka ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150. In ciwon kan bai lafa ba bayan mako biyu, je a auna maka ido.

Tambaya: Ni sakatariya ce a Sabon Gari. Da hunturu ji nake kamar an zuba mini rairayi a ido.

Amsa: Malama, mai kallon allo yakan manta da ƙiftawa, ga ƙurar Damagaram, ga iskar fanka, dole ido ya bushe. Duk minti 20 ki ɗaga kai ki dubi abin da ke nesa, kamar mita 6, na daƙiƙa 20. Ki sa allon ƙasa da saitin ido kaɗan, ki kau da fanka daga fuskarki. Don Allah kada ki ɗiga maganin tebur. Wasu na ɗauke da sinadarin da ke tayar da hawan jinin ido.

Tambaya: Shekarata 47, ina buga takardu a Birni. Sai na ja kujera baya nake iya karatu.

Amsa: Alhaji, wannan ba laifin allo ba ne. Daga shekara 40 gani na kusa yakan fara raguwa, tabarau ne maganinsa. In ka je awo, ka ce a duba maka hawan jinin ido, don shi yakan ci gani ba tare da ciwo ba.