Baba Ya Daina Lura da Hagunsa: Tambayoyinku Kan Shanyewar Ɓarin Jiki

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata biyu ke nan da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin hagu. Ƙafar ta fara motsi, alhamdulillahi, amma abin da ke ɗaure mana kai shi ne in an kawo abinci sai ya cinye na gefen dama na farantin ya bar na hagu, ya ce bai ƙoshi ba. In na zauna ta hagunsa ina magana, dama yake waigawa yana nemana. An duba idon an ce lafiya lau. Makanta ce ke shigowa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika kwatanta ya fi kama da larurar da muke kira rashin lura da ɓari guda. Ido yana gani, amma ƙwaƙwalwa ta daina kai hankali wannan gefen. An fi samunta idan ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, kuma shi ne ke kula da hagun jiki, shi ya sa yawanci hagu ake mantawa. Wanda rabin ganinsa ya tafi da gaske sau da yawa ya san ya tafi, yana juya kai don ya cike. Mai wannan larura kuwa bai san akwai abin da ya rage ba. Ka ce ya zana agogo, sai ya cusa lambobin duka a dama. Ka ce ya raba layi gida biyu daidai, sai ya sa alama can kusa da ƙarshen dama, kuma ya rantse tsakiya ce.

Abin ma ya wuce ido. A 1978 wasu likitoci a Italiya suka ce wa majinyata biyu su tuno babban dandalin cocin birnin Milan, kamar suna tsaye a gefe guda. Galibi gine-ginen dama suka lissafo. Da aka ce su ɗauka daga ɗaya gefen suke kallo, sai suka kawo waɗanda suka tsallake a baya, suka manta na farkon. Don haka kada ku yi wa Baba faɗa, ba taurin kai ba ne. Da yawa suna samun sauƙi a wata ukun farko, wasu kuma abin na daɗewa.

Tambaya: Likita, na ji akwai na'urar maganaɗisu da ake ɗorawa a ka ba tare da tiyata ba. Matata na da irin wannan matsala. Yana aiki kuwa?

Amsa: Akwai ta, Malam. Sunanta TMS, Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna ta a Sheffield ta Ingila a 1985. Ana ɗora wani naɗin waya a kan fatar kai, ya riƙa harba bugun maganaɗisu da ke ratsa ƙoƙon kai ya taɓa ƙwayoyin jijiya. Bugu a hankali, ɗaya a daƙiƙa, yana kwantar da wurin. Mai sauri kuma yana zaburar da shi. Akwai ta biyu, tDCS, wadda ake manna soso biyu masu laima a ka, a saki wuta 'yar mitsitsiya, miliyamfa 1 zuwa 2, na kamar minti 20.

Ga abin da ke ba mutane mamaki: sau da yawa ɓarin da ke da lafiya ake bugawa. Ɓarin ƙwaƙwalwa biyu kamar masu jan igiya suke, kowanne na jan hankali zuwa gefen da ke kishiyarsa. In na dama ya raunana, sai na hagu ya rinjaya ya fizge hankali duka zuwa dama. Don haka ake lallashin mai ƙarfin ya sassauta. Wani salo na TMS da ake amfani da shi a nan bugu 600 ne cikin daƙiƙa 40. A 2012 masu bincike a Rum da kuma Bern ta Suwizalan sun ba da rahoton majinyatan da suka samu sauƙin da ya kai makonni ta wannan hanya.

Amma zan gaya maka gaskiya. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, mutane kaɗan, kuma ba a bi su na dogon lokaci ba. A 2021 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 65 kan hanyoyin magance wannan larura ba da ƙwaya ba, ta ce hujjar tana da rauni ƙwarai. Ni a ganina na'urar tana ɗan buɗe ƙofa ne, atisaye ne ke shiga ciki. In an samu dama a cibiyar da ta ƙware, a haɗa su. In ba a samu ba, Hajiya ta ci gaba da zuwa wurin likitan gashi, wato mai koyar da atisayen gaɓoɓi: koyon waiwaye hagu da gangan, motsa hannun hagu a gefen hagu, jan layi mai kala a bakin shafi don ido ya nemo shi kafin karatu. Akwai ma tabarau na musamman da ke karkatar da gani zuwa dama, wanda aka gwada a Lyon ta Faransa a 1998, ana sawa ana nuna abu da yatsa, in an cire sai hannu ya karkata hagu na wani lokaci.

Tambaya: Ba wannan ce wutar da ake jona wa masu taɓin hankali ba? Ɗan'uwana yana da farfaɗiya, za a iya yi masa?

Amsa: A'a, daban suke. Waccan ana sa mutum barci a jawo jijjiga da gangan. A TMS mutum na zaune idonsa biyu, yana jin ƙas-ƙas a ka, wani lokaci da ɗan ciwon kai bayan nan. Sai dai farfaɗiya babban dalili ne na taka-tsantsan, domin TMS kan iya tayar da jijjiga, ko da yake ba kasafai ba. Haka wanda ke da ƙarfe a cikin kai, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ko batirin zuciya. Ku faɗa wa likitan ƙwaƙwalwa komai, har magungunan da yake sha.

Tambaya: Na ga ana sayar da tDCS a intanet. In saya wa mahaifiyata mu yi a gida?

Amsa: Kar ki saya, 'yar'uwa. Soson nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, ɗaya na zaburarwa ɗaya na kwantarwa. In kika juya su, kin ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, larurar na iya ƙaruwa. Ga ƙunar fata in soson ya bushe. Abin da Mama ke buƙata a gida ya fi wannan araha: ki zauna ta hagunta in za ki yi magana, ki taɓa hannun ki kira sunanta har ta waigo, ki kawar da abin tuntuɓe da abu mai zafi daga wannan gefen. Kuma kada ta tsallaka titi ita kaɗai, ko ta tuƙa mota, sai likita ya gwada ta ya amince.