Filin Tambaya da Amsa: Jarumar da Ba Ta Jiran a Cece Ta

Tambaya daga wata mai karatu a Zariya: Ni da ƙannena ba ma wasa da fim ɗin soyayya mai dogon zango, musamman idan jarumar mace ce mai tsayuwa da ƙafafunta. Maigidana ya ce tsiwa kawai muke koya. Me yake jan mu haka?

Amsa: Hajiya, a gaida maigida, amma tsiwa daban, ƙarfin hali daban. Abin da ke riƙe ku gaban talabijin shi ne ganin mace tana yanke shawara da kanta, tana kuma ɗaukar abin da ya biyo baya. Ki gwada wannan a shirin da kike bi: duk kashin da ya ƙare, ki tambayi kanki wa ya yi abin da ya juya labarin. In kullum uba ne, ko saurayi, ko kishiya, ko haɗarin mota, to jarumar ba ta da ƙarfi, ko da ta wuni tana ɗaga murya.

Jarumar da ke shiga rai tana da abin da take nema tun kafin namiji ya bayyana: ta gama makarantar koyon jinya, ko ta riƙe shagon atamfar da mahaifinta ya bari a Kantin Kwari, ko ta karɓo ɗanta daga dangin tsohon mijinta. Sai soyayya ta zo ta ci karo da wannan buri. Mace nawa ce a gidajenmu ba ta taɓa auna karatu da aure ba, ko sana'a da yardar miji? Shi ya sa kuke jin kamar da ku ake.

Ki lura kuma da yadda ake nuna ƙarfin. Mahaifi ya kira ta falo, ya ce ya ba da ita. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta gyara mayafi, ta ce, "Baba, ka gafarce ni, ba zan iya yi maka ƙarya in ce na amince ba." Ba ta ɗaga ido ba, amma gidan gaba ɗaya ya girgiza. Wannan fitowa ta fi mari goma nauyi. Dokokin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba su yarda namiji da mace su taɓa juna a fim ba, don haka soyayyar tana tafiya ne a kan kallo da shiru da magana. A wurin zance kuwa, mace mai iya zaɓen kalma ita ke riƙe da fagen.

Tambaya daga wani ɗalibi a Maraɗi: Ina rubuta irin wannan labari. Yaya zan tsara shi?

Amsa: Malam, fara da lissafi. Zango ɗaya yawanci kashi 13 ne. In kowane kashi zai ci minti 45, kana buƙatar shafi kusan 45, domin shafi ɗaya na rubutun fim yakan ba da kimanin minti ɗaya. Ka raba shi fitowa 20 zuwa 25. Fitowar da ta wuce minti uku mutum biyu na zaune a kujera, ka sake duba ta.

A minti goma na farkon kashi na 1, mu gan ta a bakin aikinta tana warware wata matsala, saurayin bai ma shigo ba. Zuwa kashi na 3 ko na 4 a gane cewa samunsa zai ci mata wani abu. A tsakiyar zango, wajen kashi na 6 ko na 7, ta tafka kuskure, kuma kuskuren ya fito daga halinta: taurin kai, ko zurfin ciki, ko ƙin neman taimako. Nan sababbin marubuta suka fi faɗuwa. Suna tausayin jarumarsu, sai su wanke ta tas, kowa ya zalunce ta, ita ba ta taɓa laifi ba. Mai kallo zai tausaya mata mako biyu, daga nan ya gaji. A kashi na 10 ko na 11 ta yi asarar da ta fi ƙarfinta, na 13 kuma ita za ta kawo mafita. Kada wani attajiri ya sauko daga mota ya biya bashin.

Namijin ma ka ba shi nauyi. In ka mai da shi sakarai don ita ta haska, ka rage mata daraja, tunda ita ta zaɓe shi. Ka ba ta kuma aminiya ko goggo da za ta riƙa buɗe wa ciki, don kada ka koma sa ta tana magana ita kaɗai a ɗaki.

Tambaya daga wata mai karatu a Kumasi: Me ya sa shirin kan yi daɗi a farko, daga zango na uku sai ya lalace?

Amsa: 'Yar'uwa, kuɗi ne da rashin shiri. Kuɗin talla a YouTube yana bin yawan masu kallo, saboda haka furodusa ba ya son rufe shirin da ke kawo riba. Labarin da aka gina don kashi 26 sai a ja shi ya ninka, a cike gurbin da mantuwar ƙwaƙwalwa da asiri da ɗan da aka musanya a asibiti. Sau da yawa kuma ana ɗaura wa jarumar aure sai marubuci ya manta da makarantarta da shagonta, ta koma rigimar kishi kawai.

Akwai kuma tafiyar 'yar wasa. A Kannywood mata da yawa kan bar fim da zarar sun yi aure, wasu kuma karatu ko kasuwanci ke janye su. Masu bin shirin Labarina, wanda ya fara a 2020, sun ga yadda Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya bayan Nafisa Abdullahi ta bar shirin, kuma sabuwar fuska a tsakiyar labari kan ɗauki lokaci kafin a saba da ita. Maganin shi ne a rubuta ƙarshen labari kafin a kunna kyamara, a sa hannu a yarjejeniyar zango gaba ɗaya da jarumar, a kuma ɗauke dukkan fitowarta na zangon kafin a saki kashi na farko.