Wayar da ta cinye min babur da bikin mutane

Jiya muna naɗe wayoyin fitila bayan dina ka tsare ni da tambaya. Wai ka kwashi adashenka, tsakanin iPhone Pro Max da Samsung Ultra wacce za ka saya ka riƙa ɗaukar bidiyo kana tacewa kana ɗorawa, tunda ba ka da kwamfuta. Na yi maka shiru. Ba da kai nake fushi ba, yaro, tsohon miki ka fama min.

A 2022, bayan ƙaramar sallah, na sayar da babur ɗina na cika da abin da ke hannuna na sayi iPhone 13 Pro Max ta hannu, irin wadda kuke ce wa Landan yus. Wanda ya sayar min ba baƙo ba ne, masallaci ɗaya muke sallah. Waya fes, ko ƙwarzane babu. Da na shiga saitin sai na ga sunan wani Bature a sama, wurin iCloud, wato asusun Apple na mai waya. Na ce wannan fa? Ya ce yaronsa na Legas ne ya aiko, gobe zai turo kalmar sirri a cire. Ni da na fara riƙe kyamara tun zamanin kaset, ni aka yi wa "gobe" na haɗiye.

Cikin satin da na saye ta aka kira ni biki a Gombe, gidan wani attajiri a Tumfure. Kamu, sa lalle, ɗaurin aure, dina, duk da wayar nan na ɗauka, ina ta yi wa mutane burga. Wurin da uwar amarya ta rungume 'yarta tana kuka, wallahi ban taɓa kama hoto irinsa ba. Ranar Lahadi muna cikin mota za mu dawo Bauchi, daidai Alkaleri, na ciro waya in sake kallo. Sai na tarar ta kashe kanta ta kunna, tana min sannu da zuwa kamar yau aka fito da ita daga kwali. Mai ita na asali, duk inda yake a duniya, ya danna gogewa daga nesa. Bikin kwana huɗu ya tafi. Kuma ta kulle, ba ta buɗuwa sai da kalmar sirrinsa.

Na zaga masu gyara a Wunti, kowa ya juya ta ya miƙo min. A ƙarshe gunduwa-gunduwa aka yi da ita kamar naman layya, gilashi daban, batir daban, kyamara daban, kuɗin bai kai na tayar babur da inji ba. Mutumina kuwa cewa ya yi ƙaddara ce, kuma ina rasit? Babu rasit, amana ce. Kuɗin aikin na mayar, na tsuguna gaban Hajiya ina ba da haƙuri kamar ɓarawon akuya. 'Ya'ya mata biyar gare su a gidan, uku sun yi aure bayan nan, ko ɗaya ba a kira ni ba. Wanda ya sayar min kuwa har yau yana miƙo min hannu bayan sallar Juma'a.

To ga amsarka. In bidiyo ne abincinka, iPhone ta fi. Launinta ba ya rawa idan ka fito daga rumfa zuwa rana, kuma abin da ka ɗora a Instagram yana fita kusan yadda ka ɗauka. Amma ka nemi 15 Pro zuwa sama, don daga 2023 suka koma USB-C, kana iya maƙala mata ma'ajiya ta waje ka kwashe aiki nan take. Kada ka kuskura ka sayi mai 128GB. ProRes, wato tsarin ɗaukar bidiyo na ƙwararru, a 4K minti ɗaya na cin wajen 6GB, mai 128GB ba ma ta yarda ka ɗauke shi a 4K sai da ma'ajiya ta waje. Ta Amurka kuma, daga 14 zuwa sama, ba ta da ramin sim sai eSIM, wato layin da ake ɗora wa waya ba tare da kati ba. Kai da kake sauya layi duk inda sabis ya ɗauke, ka yi tunani.

Samsung Ultra tana da nata. Ranar hawan sallah, kana can bayan jama'a, za ta jawo maka fuskar mahayi da adon dokinsa. Tana da alƙalami na rubutu, tana raba fuska biyu kana rubutu kana duba hoto, kuma daga S24 sun yi alkawarin sabuntawa na shekara 7. Sai dai ita ma ba ta cin memori, tun S21 suka cire. Kafin ka biya, ka je ka tambayi kuɗin gilashinta na asali. In ka ji kuɗin gabanka bai faɗi ba, saya.

Duba IMEI, wato lambar shaidar waya, da lafiyar batir ba zan tsaya koya maka ba, yaron da ke sayar da caja a bakin titi ma ya sani.

Abin da ke ba ni haushi da ku 'yan yanzu, ba aiki kuke saya wa waya ba. So kuke a ga ido uku a bayanta in kun tsaya gaban madubi. Rabin kuɗin da za ka zuba, da makirfo da fitila da fawa banki ka saya, da aikinka ya fi na masu Pro Max goma. Apple da kansu sun ce wayarsu daga zafi 35 ne iyakarta, mu kuwa a watan Afrilu 40 muke gani, za ta dusashe fuska a tsakiyar ɗaurin aure kana tsaye kana mata fifita. Wannan ba a gaya muku a TikTok.

Duk wadda ka zaɓa, a gabanka mai ita zai fita daga asusunsa, a goge ta, ka sa naka, ya rubuta rasit da lambar IMEI. In ya ce gobe, ɗauki kuɗinka ka fito, ko limamin unguwarku ne. Kuma ranar da za ka saya ka kira ni mu je tare, ba ka kawo min ita bayan ka biya ba.

Asabar akwai kamu a Fadaman Mada. Ka caja batura tun daren Juma'a, kuma ka dawo min da kebul ɗina da ka ara.