Wawa, Dolo ko Mahaukaci: Me Za a Kira Lennie da Hausa?

Wata ɗalibar adabi ta rubuto: "Malam, muna karanta Of Mice and Men na John Steinbeck, wanda ya fito a 1937. Na so in ba ƙanwata labarin da Hausa, sai na kakare a kan Lennie. In ce masa wawa, ko dolo, ko mahaukaci?"

Malama, ki fara cire mahaukaci daga lissafi. Hauka ciwo ne da ke samun mai hankali, shi ya sa muke cewa "ya taɓu" ko "ya zautu", wato da can lafiyarsa ƙalau. Lennie bai taɓu ba. Ƙato ne mai ƙarfin mutum uku da ke aikin gona a Kalifoniya, amma fahimtarsa ta yaro ce. Abokinsa George zai gaya masa magana sau biyar, kafin su yi nisa ta zube. Yana yawo da mataccen ɓera a aljihu don yana jin daɗin shafa laushin gashinsa, kuma burinsa a duniya a bar shi ya yi kiwon zomaye. Haka ya tashi. Likitoci na kiran wannan naƙasar fahimta, kuma tun yarinta take bayyana: wani daga halitta, kamar mai lalurar Down da ke da ƙarin ƙwayar gado ta 21, wani daga rashin iskar shaƙa lokacin haihuwa, wani daga ƙarancin sinadarin aidin a jikin uwa.

Wawa kuwa kalma ce mai faɗi. Wauta aiki ce, kuma mai digiri ma yana tafka ta. Wawan sarki sau da yawa ya fi kowa wayo a fada, sana'arsa ce. Sannan muna cewa wawan barci da wawan rami, inda kalmar ke nufin abin da ya wuce kima. Sakarai da shashasha zargi ne ga wanda zai iya kamun kai ya ƙi. Dolo da gaula da soko su suka fi kusa da abin da kike nema, amma duk zagi ne, babu wanda uwa za ta so a kira ɗanta da shi.

Ga abin da zan yi in ni ne. A bakin mutanen cikin labarin da ke raina shi, in bar dolo da gaula yadda suke, don haka mutane ke magana, kuma goge su ƙarya ce. A bakin mai ba da labari kuwa in ce "mai ƙarancin fahimta", ko in nuna ɓeran nan na aljihu in yi shiru. Ƙanwarki za ta gane.

Abin da ke damuna da tsofaffin littattafan shi ne, da wuya su bar irin wannan mutum ya rayu don kansa. Ko a yi dariya da shi, ko a yi kuka da shi. Lennie ya kashe mace ba da niyya ba, George ya harbe shi a ƙeya yana ba shi labarin zomayen. William Faulkner ya ɗan fi ƙoƙari a The Sound and the Fury na 1929, ya buɗe littafin daga cikin kan Benjy, mai shekara 33 da ba ya magana, wanda jiya da shekara ashirin baya duk ɗaya ne a wurinsa. Turawa ma sun sha fama da sunan da za su kira wannan lalura: sai a 2010 wata doka mai suna dokar Rosa ta sauya tsohuwar kalmar "mental retardation", wadda ta zama kamar zagi, a dokokin tarayyar Amurka.

Wani kuma ya tambaya ko "tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta" cin fuska ce ga masu taɓin hankali. A'a. Haukan nan na ganganci ne, borin wanda asirinsa ya tonu ya hau faɗa don kada a tambaye shi. Mai wannan haukan hankalinsa garau yake, har ya yi yawa.