Shin burauzar Brave za ta ɓoye cinikina na kirifto?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon kayan waya a Adum, cikin Kumasi, kuma da USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka, da nake saya ta MoMo (kuɗin waya) nake biyan mai turo mini kaya daga Guangzhou. Wani yaro a unguwarmu ta Aboabo ya ce idan na koma Brave, manhajar shiga intanet, babu mai iya gano cinikina. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron ya gama abu biyu da hanya ba ta haɗa su ba. Aikin Brave, wadda ta fito a 2016, shi ne toshe talla da manhajojin bin sawu da shafuka ke dasawa, kuma a nan tana ƙoƙari. Amma kuɗinka ba a cikin burauza suke tafiya ba, a bulokcen ake rubuta su, wato kundin da ke adana duk wani aiken kirifto, wanda da gangan aka bar shi a buɗe ga kowa. Ka jarraba da kanka: idan a kan bulokcen ɗin Tron kake aikawa, ka kwafi adireshin walat ɗinka, wato ma'ajiyar kirifto ɗinka, ka liƙa a shafin Tronscan. Za ka ga ragowar kuɗinka da kowane aike da ka taɓa yi, da adadinsa da ranarsa har da mintinsa, kuma duk abin da ka gani mutuminka na Guangzhou ma yana gani, tunda adireshin yana hannunsa.

Sunanka kaɗai ne babu a wurin, shi ma ba shi da nisa, domin da Ghana Card aka yi wa layinka rajista, kuma dandalin da ka sayi kuɗin ya karɓi katin shaidarka da hoton fuskarka. Kamfanin Tether, mai fitar da USDT, yana da ikon daskarar da shi a adireshi idan hukuma ta nema. A 2021 jami'an Amurka sun bi sawun fansar da kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ya biya masu kutse da kirifto, suka ƙwato Bitcoin 63.7.

Ita kanta Brave, a yarda da ita da ido buɗe. A 2020 an gano tana maƙala lambarta ta kamasho idan mutum ya rubuta adireshin shafin Binance, dandalin cinikin kirifto, sai da aka yi ca a kanta shugabanta Brendan Eich ya nemi afuwa aka cire. Burauzar Tor ta fi ta ɓoye inda mutum yake, sai dai tana da nawa, kuma da zarar ka shiga asusunka da sunanka, ɓuyan ya ƙare.

A ganina ka sauke Brave ko Firefox daga Play Store, ba daga fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp ba. Sannan ka ware walat na biyan kaya daban da na ajiya, kada ka sa adireshin ajiyar a zauren 'yan kasuwa, domin mai ido a kan dukiyarka a Kumasi ya fi kusa da kai fiye da kowane kamfanin talla.